Mako uku da yaran da ke tsoron ƙarar murfin tukunya

A dogon hutun bara, cikin Agusta, marka ta hana kowa sakat, mu 5 muka ari ajujuwa biyu a wata Islamiyya da ke Tudun Wadar Zariya muka tara yara 18. Dukkansu daga gidajen da duka da zagi suka zama abincin yau da gobe suka fito. A unguwa ba mu faɗi haka ba. Cewa muka yi darasin hutu ne, domin da an ji ainihin dalili, babu mai gidan da zai bar ɗansa ya taka ƙofar.

Ni malamar firamare ce, na zo da tsarina a rubuce da kuma tabbacin cewa na san yara. Kwana na biyu na zaunar da su a tabarma na ce kowa ya faɗi abin da ke ɓata masa rai a gida. Shiru kamar malam ya ci shirwa. Wata yarinya ta tashi ta ce za ta kama ruwa, ba ta dawo ba sai azahar. Babbarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da muke kira Inna, ta ja ni gefe ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya ce miki ana ɓare ƙurji kafin ya nuna? A gida an hore su kada su fitar da sirri, ke kuma kin tsare su a gaban jama'a." Na ji kunya ƙwarai, na ninke takardata.

Daga nan muka koma langa, carafke, zane da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Kunu da ƙosai ƙarfe 9, dafa-duka bayan azahar, kullum a kan lokaci. Wannan ƙa'idar ta fi duk wani jawabi aiki.

Ranar da na fahimci inda muke, murfin tukunya ne ya suɓuce wa mai girki. Kafin ƙarar ta mutu, wani yaro ɗan shekara 8 ya shige ƙarƙashin benci ya rufe kai da hannu biyu. Sauran ba su yi dariya ba, abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Sun san abin. Tun ranar muka kafa wa kanmu doka: babu bulala, babu tsawa, babu ɗaga hannu ko da nuni ne, kuma babba ba ya keɓewa da yaro a rufe. Ni da na saba da "kai, zo nan!" daga nesa, sai da na koyi tattaki in durƙusa in yi magana.

Maganar da na so in tatsa da ƙarfi, da kanta ta zo a mako na biyu, muna ɓare gyaɗa. Wata 'yar shekara 11 ta ce, "Malama, in na gaya miki, ba za ki faɗa wa kowa ba?" Inna ta riga ta gargaɗe mu kada mu ɗauki wannan alkawari. Na ce mata in abin zai cutar da ita, dole in nemi wanda zai taimaka, amma ba zan yi komai a bayan idonta ba. Ta yi jim, sannan ta faɗa. Jihar Kaduna tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2018, kuma akwai cibiyar Salama, mai taimaka wa waɗanda aka ci zarafinsu, a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Can muka raka ta da mahaifiyarta, wadda shekara da shekaru ba ta jin komai daga dangi sai "ki yi haƙuri, zaman aure ne."

Ranar rufewa mun kai su gindin dutsen Kufena, an ci gasasshiyar masara, an yi hotuna. Amma mako uku ba ya gyara gida, kowa gidansu ya koma. Shi ya sa muka raba yaran a tsakaninmu, kowace Asabar a haɗu. Yaron bencin nan ya faɗo a rabona. Da za mu rabu ya riƙe gefen hijabina ya ce, "Malama, za ki zo?" Na ce in sha Allahu. Ya ce, "Ƙarfe nawa?" Na ce goma. Asabar ɗin farko na makara da minti 20 saboda cunkoso a Ƙofar Doka, na tarar da shi tsaye a bakin ƙofa cikin yayyafi, ya ƙi shiga.