Litinin a bakin mangaza

Yau tun kafin ƙarfe bakwai ina bakin mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a nan Maradi, ɗari ya fara shiga jiki sosai, ga hazo har ba ka hangen ƙarshen layi. Kamiyo guda muka yi wa lodi, buhu 300 na aya, zai bi ta Dan Issa ya faɗa Jibiya ya wuce Kano. Ni aikina littafi da biro, duk buhun da ya hau in ja layi, da la'asar in biya 'yan dako. Shekara tara ke nan ina yi ma Alhaji wannan aiki, amma na yau ya tsaya mini a rai shi ya sa na ce sai na rubuta kafin in kwanta.

Muna cikin lodi sai ga ɗan yayata ya iso da ƙafa, ya gaishe ni ya ja gefe ya tsaya. Yaron nan lisansi gare shi, wato digirin farko, nan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya gama shekara biyu da suka wuce, uwarshi akuyoyinta jajaye guda huɗu ta saida a kan karatun nan. Na ce lafiya? Ya ce "Kawu, so nike ka sa ni cikin masu ɗauka." Na ɗauka wasa yake. Ya ce wallahi da gaske, ya gaji da zaman fada ana dafa shayi tun safe har dare, takardunshi ya kai buro ya fi goma kowa sai ya ce a dawo, kabu-kabun da yake ja ma mai babur ɗin ya karɓe abinshi ya ba ƙanen matarshi.

Na rasa abin cewa. In na hana shi me zan ba shi? Na ce to tuɓe rigar.

Buhun farko da suka aza mishi sai da ƙafafunshi suka yi rawa a kan katakon hawa. Wani dattijo cikin 'yan dakon, Baba muke ce mishi, mutumen wajen Mayahi ne, duk shekara in an gama girbi yana zuwa cin rani, shi ya tare shi ya gyara mishi zaman buhun, ya ce "ɗana, ba da wuya ake ɗauka ba, da baya ake ɗauka, sunkuya kaɗan." Da Baba ya juya na ga kafaɗarshi, fatar wurin ta yi kanta baƙi ƙirin kamar tafin ƙafa. Kullum ina ganinshi amma ban taɓa lura ba sai yau da na ga ta yaron kusa da ita, ja wur ta fara saɓulewa. Baba ya ce mini geron da ya samu bana in ya kai su wata huɗu an gode Allah, gonar da ubansu ya bari su bakwai suka raba, kowa ɗan tsinke ya samu, ga ƙasa ta gaji.

Dala ashirin, wato sefa ɗari, muke biya kowane buhu. Wanda ya fi kowa yau ya ɗauki 38, jikka uku da dala ɗari da sittin ke nan, wato sefa 3,800, kuma ba kullum ake samun mota ba, wani satin sau biyu, wani satin shiru. A rediyo mun ji an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun farkon 2024, madalla, amma wannan na mai takardar ɗaukar aiki ne. A layinmu kaf, daga 'yan dako har masu tura baro har matan da ke zaune cikin ƙura suna tsince tsakuwa daga aya ana biyansu a kan tiya, ban san mutum guda mai irin wannan takarda ba. Ni kaina ba ni da ita. In buhu ya faɗo ma mutum ya karye, sai dai a yi karo-karo.

Ba zan ci naman Alhaji ba, mutumen kirki ne, ranar da maiɗakina ta sha wuyar haihuwa shi ya biya asibiti ban ko roƙa ba. Da na taɓa yi mishi maganar ƙarin dala biyar a buhu ya buɗe mini lissafi: masu saye da naira suke zuwa, naira kuwa tun 2023 ta zube, in an canza ta zuwa sefa sai ta koma ba komi, ga duwan ga shingaye a hanya. Gaskiya ne. Amma akwai abin da na gani da idona har sau biyu. Lokacin da Buhari ya rufe boda a watan Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa muna takunkumi aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, Alhaji kulle mangaza ya yi ya jira, kayanshi na nan ba su ruɓe ba, da hanya ta buɗe ya saida. Su Baba fa? Ƙarfin jiki ba a zuba shi a buhu a ajiye, ranar da ba a yi lodi ba ta wuce ke nan, a lokacin wasu har tabarmar kwana suka saida suka yi kuɗin mota zuwa gida.

Abin da ya fi ci mini rai, ayar nan ɗanya take fita. Mu noma, mu tsince, mu ɗauka a baya, can wani ya niƙa ya zuba a roba ya sa mata suna, har Sipaniya ana kai ta suna yin abin sha da ita. Haka riɗi, haka wake, haka fatar jar akuyar Maradi da duniya ta san kyanta. Mahaifinmu Allah ya jiƙanshi a masana'antar man gyaɗa ya yi aiki a garin nan, yana da albashin wata har da ranar hutu, da shi ya gina gidan da muke ciki. Jikanshi mai lisansi ga shi yau a kan katako. Aikin da zai ɗauki mai karatu yana wurin sarrafawa, mu kuwa nan wurin ɗauka kawai aka bar muna.

Da muka zauna shan fura da azahar aka ɗauko hirar layin dogon Kano zuwa Maradi da aka aza tubalinshi a 2021. Direba na ta murna wai kaya za su yi sauri. Baba ya ajiye ludayi ya ce shi tambayarshi guda, in jirgin ya zo, da hannu za a riƙa loda shi ko da inji? Ba wanda ya amsa mishi.

La'asar na yi na buɗe littafi. Ɗan yayata buhu 11 ya ɗauka, jikka guda da dala ashirin. Na ƙirga na miƙa mishi kamar kowa, ban ƙara ko dala ba don idon sauran na kaina, ya karɓa da hannu biyu ya ce na gode kawu, bai kalle ni ba. A hanya na goya shi a babur yake faɗa mini wani abokinshi na wajen haƙar zinariya a Djado yana ta kiranshi ya taho. Na ce kar ya kuskura ya faɗa ma uwarshi wannan magana yanzu, hawan jini gare ta.

Bayan isha'i yayata ta kira ni, ta ce yaron ya kawo mata dala ɗari ya ce ta sayi sabulu, yana ɗaki kwance rub da ciki, wai in akwai man zafi wurina in aiko. Na ba ƙaramin ɗana ya kai. Gobe akwai lodin wake ƙarfe shida, ɗan yayata ya ce in rubuta sunanshi.