Abin da na koya a aikin gyaran kwamfuta daga nesa

Yanzu da na ajiye aikin, zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa. Duk wanda ya zauna a teburin karɓar kira ya san agogon nan da ke lissafa mintocin da ka ɓata da kowane kwastoma. Ogan da na yi aiki a ƙarƙashinsa ba ya duba komai sai wannan agogo. Ko matsalar ta warware ko ba ta warware ba, shi dai a rufe tikiti, wato takardar ƙorafin kwastoma.

Umarninsa ɗaya ne, kuma da baki yake bayar da shi: idan tabilet ta yi nauyi ko tana ƙamewa, a sa mai ita ya goge komai, ta koma yadda ta fito daga kamfani. Da sauri ake gamawa, gaskiya ne. Amma tun daga Android 5.1 akwai kullen da ke hana ɓarawo amfani da na'urar da aka goge, don haka idan aka goge ta ta hanyar maɓallan gefe, sai ta nemi asusun Google ɗin da ke kanta a da. Haka iPad take neman asusun Apple. Mutane da yawa kuwa wani ne ya buɗe musu asusun, ba su taɓa sanin kalmar sirrin ba.

Wata rana wata dattijuwa ta kira, tabilet ɗin marigayi mijinta ta daina buɗe komai. Ta karanto mini lambar AnyDesk, manhajar da muke shiga na'urar mutum da ita daga nesa, a hankali, tana maimaitawa, har allonta ya bayyana a gabana. Ma'ajiyar ta cika maƙil da hotuna da saƙonnin murya, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Na ce, "Mama, kin san kalmar sirrin asusun?" Ta ce shi kaɗai ya sani. Na ƙi gogewa. Muka bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya tana gaya mini wadda ba ta buƙata, muka samar da fili, sannan na jira ɗanta ya kwashe hotunan zuwa kwamfuta. Kiran ya yi tsawo sosai. Washegari oga ya karanta mintocina a gaban kowa, ya ce ina hira da kwastoma a lokacin kamfani. Na ce, "Oga, da na goge, da muryar mijinta ta tafi har abada." Ya ce wannan ba ya cikin aikina.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Wani sabon yaro, mai hankali da ladabi, ya bi umarnin nan daidai yadda aka ba shi. Na'urar kwastoman ta kulle, takardunsa suka salwanta, ya kai ƙara sama. Da aka zauna, oga ya ce shi bai taɓa cewa a goge ba tare da an yi kwafi ba. Tun da ba a rubuce umarnin yake ba, laifin ya faɗa kan yaron.

Saboda haka, duk umarnin da zai iya shafe kayan wani, ka nemi a rubuto maka shi. Kafin ka taɓa kwamfutar da ke da BitLocker, wato kullen Windows da ke ɓoye bayanan da ke cikinta, ka tabbata mai ita yana riƙe da mabuɗin buɗe ta mai lambobi 48. Ka riƙa faɗin abin da kake yi da baki, domin mutum yana kallon linzaminsa yana yawo ba da hannunsa ba, kuma da TeamViewer da AnyDesk ɗin da muke amfani da su 'yan damfara suke shiga asusun bankin mutane. Idan zai rubuta kalmar sirri, shi zai rubuta, kai kada ka tambaya. In an gama, ka nuna masa yadda zai katse haɗin da kansa.

Yaron nan har yanzu takardar gargaɗin tana cikin fayil ɗinsa, kuma na san a ɗakin akwai waɗanda suka ji umarnin da kunnensu kamar yadda na ji. Ni kaɗai na tashi na faɗa.