Yadda na sa jan ƙarfe ya yi haske a cikin narkakken gishiri

Jan ƙarfe kowa ya san shi a wayar wuta, amma in ka ƙanƙantar da shi har ya koma 'yan atom kaɗan, dunƙulen da bai kai nanomita 2 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), sai ya bar halin ƙarfe, ka haska masa fitilar UV, hasken da ido baya gani, mai tsawon zango nanomita 365, ka ga yana fidda haske. Aikin da na yi kenan a lab lokacin digirina na biyu. Da zinare aka fi yi, to zinare tsada, jan ƙarfe arha ne amma wallahi baya jure iska, da oksijin ya taɓa shi shikenan hasken ya mutu.

Shi ya sa muka kawo ayonik likwid, gishiri ne da yake ruwa-ruwa da kansa ko ba a ɗora shi a wuta ba, masanin kimiyyar sinadarai Paul Walden ya bayyana irinsa tun 1914. Namu ɗan gidan sinadaran da ake kira imidazoliyum ne, kauri kamar man gyaɗa, yana lulluɓe ƙwayoyin ya hana su haɗewa su girma.

Nakan narka kofa salfet, gishirin jan ƙarfe, wannan mai shuɗin, in zuba wani sinadari, gulutatayon, saboda salfa ɗinsa na riƙe jan ƙarfe gam, in busa naitirojin a kwalbar don korar iska, sannan askobik asid, bitamin C dai da muka sani, wanda ke fito da jan ƙarfen daga gishirinsa, ɗigo-ɗigo ana juyawa. Gaggawa a nan asara ce, in aka saka mai ƙarfi irin sodiyum borohaidiraid lokaci guda sai ruwan ya koma ja-ja mai duhu, na'urar auna haske ta nuna tudu wajen nanomita 570, ma'ana ƙwayoyin sun yi girma, haske kuma babu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne shuɗin haske. Shi kansa ayonik likwid ɗin imidazoliyum yana ɗan yin shuɗi a ƙarƙashin UV ko babu jan ƙarfe ko ƙwaya ɗaya a ciki, bitamin C ma in ya lalace abin da ya bari yana iya yin hakan, don haka duk haɗin da na yi sai na yi masa ɗan'uwa da komai da komai banda jan ƙarfen, in ajiye su gefe da gefe. Ina jin ciwo in na ga an ɗauki hoton kwalba mai shuɗi an ce an samu, ba a nuna ɗan'uwan ba. Ni haske mai launin ruwan lemo zuwa ja na fi yarda da shi, wanda ke ƙaruwa in dunƙulayen suka taru wuri ɗaya, irin abin da masanin sinadarai Ben Zhong Tang da mutanensa suka bayyana a 2001.

Sai danshi, wannan gishirin yana shan ruwa daga iska sosai, da damina in ka bar murfi a buɗe sakamakon gobe ba zai yi kama da na yau ba. Nakan busar da shi a bakyum, wato inda aka zuƙe iska, kafin aiki, abin da na haɗa kuma in naɗe kwalbar da foyil in saka firij a digiri 4.