Ranar da na yi shifta da yaran Yukiren

Yau 27 ga Oktoba, ranar harshe da rubutun Yukiren, sai na tuna lokacin da nake karatun likitanci a Kharkiv. A wancan zamani 9 ga Nuwamba ake yin ta, sai a 2023 aka matso da ita.

Wata shekara a irin wannan rana, matar da nake haya a gidanta ce ta ja ni makarantar jikarta. Yara sun sha rigunan gargajiya masu ɗinkin ado a wuya da hannu, suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna rera baitocin Taras Shevchenko, babban marubucin waƙoƙin Yukiren, da ka. Daga nan aka kunna rediyo, aka yi shiftar da ƙasar duka ke yi a lokaci guda tun 2000. Ni ma aka miƙo min takarda. Wallahi layi uku na iya bi, harafin nan ї mai ɗigo biyu ya gama da ni, yara sai dariya.

Da muka fito tsohuwar ta ce min a 1876 Sarkin Rasha ya hana buga littafi da harshen nan. Ita kanta Rashanci take yi a gida, amma ranar nan da harshen Yukiren irin na jikarta ta yi ta yi min hira har muka isa.