Gulbin Maraɗi daga sama

Jiya na shafe yinin a gaban kwamfuta tare da wani ƙanena mai karatun taswira, muna duban hotunan Gulbin Maraɗi da taurarin ɗan Adam na Sentinel-2 suke ɗauka duk bayan kwana 5. A hoton rani gulbin farin zare ne na yashi, amma a na watan Agusta ya zama jan ruwa mai kauri, ya fantsama cikin fadama har ya shafe gonaki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yashin da kwazazzabai ke kwararowa da shi. Da muka jera hotunan shekaru daban-daban, sai na ga yadda yake cike cikin gulbin sannu a hankali, ruwa ya rasa hanya, ya koma yana cin gindin gada da gefen hanya. Na taɓa tsayawa bakin wata kwalbati da yashi ya toshe har wuya, ban fahimci girman lamarin ba sai jiya.

Ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da tsohon garin Maraɗi zuwa tudu. Ina fatan masu gina mana hanyoyi su riƙa duban waɗannan hotuna kafin su kafa harsashi, tunda kyauta ake samunsu.