Jarrabawar da ta sa na fahimci Eton

Lokacin da nake karatun digiri na biyu a fannin siyasa a Ingila, malaminmu ya ba mu aiki: kowa ya ɗauki firayim minista guda ya bi sawun tarbiyyarsa. David Cameron ne ya faɗo a kaina. Na ɗauka aikin kwana biyu ne, sai ga shi na shafe mako uku, don duk takardar da na buɗe sai sunan Eton, makarantar kwana ta maza da ya yi, ya leƙo.

Sarki Henry na shida ne ya kafa makarantar a 1440, kusa da fadar Windsor, domin yara marasa galihu saba'in su yi karatu kyauta. Yau kuɗin shekara guda ya haura fam dubu sittin, kuma firayim minista ashirin ta yaye, tun daga Robert Walpole har Boris Johnson. Harrow ta ba da Churchill, Winchester ta ba da Rishi Sunak. Abin dariya, Turawan na kiran irin waɗannan makarantu "na jama'a", alhali ɗan talaka ba ya shigarsu sai da tallafi.

Da farko na zaci sirrin bai wuce ƙwararrun malamai da tarin littattafai ba. Wata takardar jarrabawa ce ta sauya mini tunani. A 2011 Eton ta yi wa yara 'yan kimanin shekara goma sha uku masu neman tallafin karatu wannan tambaya: a ɗauka shekarar 2040 ce, tarzoma ta ɓarke a Landan saboda ƙarancin mai, sojoji sun kashe masu zanga-zanga 25, kai ne firayim minista, rubuta jawabin da za ka yi wa ƙasa ka kare matakin. Na karanta har sau biyu, na yi tagumi. Ni a wannan shekarun, abin da aka ce in rubuta shi ne wasiƙa ga mahaifina ina roƙon kuɗin littafi. Yaron da aka saba masa da zama kujerar mulki tun bai fara gemu ba, ranar da ya girma ya nemi kujerar ba zai ji ya yi rashin kunya ba. Gani yake kayansa ya zo ɗauka.

Na ga haka da idona a ajinmu. Akwai wani da ya fito daga irin waɗannan makarantu, sau da yawa bai karanta abin da aka ba mu ba, shi da bakinsa yake faɗa. Amma da an buɗe muhawara sai ya jingina da kujera, ya zuba magana tsaf, ba inda-inda. Ni da na kwana kan littafin ina zaune shiru, ina auna kalmomi kada in yi kuskure. Ba na cewa ba shi da ƙwaƙwalwa, yana da ita. Tsoro ne kawai ba a koya masa ba. Daga wannan zangon na fara ɗaga hannu tun kafin in gama shirya jimlata.

Alƙaluma ma sun goyi bayan abin da na gani. Kusan kashi 7 cikin ɗari na yaran Birtaniya ne ke makarantun kuɗi, amma rahoton ƙungiyar binciken harkar ilimi ta Sutton Trust na 2019 ya nuna kashi 65 na manyan alƙalai da kashi 29 na 'yan majalisar wakilai can suka fito. Majalisar ministocin Johnson ta farko kuwa, kusan biyu bisa uku. Gwamnatin Keir Starmer ta ɗora harajin kashi 20 kan kuɗin makarantun daga Janairun 2025, sai dai haraji ba ya raba abokan da suka kwana ɗaki ɗaya shekara biyar, waɗanda gobe ɗaya zai kira ɗaya a waya idan muƙami ya faɗo.

A ƙarshen aikin na sa wani sakin layi da malamin bai nema ba. Kwalejin Katsina, wadda ta zama Barewa, Turawan mulki sun ɗora ta kan irin wannan tsari, ta kuma yaye Tafawa Ɓalewa da Sardauna, daga baya Gowon, Murtala, Shagari da 'Yar'aduwa. Har wasan fayis na Eton, wanda ake buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ya biyo Turawan, kuma har yanzu ana yin sa a Katsina da Sakkwato. Malamin ya ja layi a ƙarƙashin wannan, ya rubuta a gefe cewa in same shi a ofis, bai taɓa jin labarin ba.