Kalmar fansa da abin da ta koya mini game da gicciye

Na shafe shekaru ina aikin katikis, ina koyar da manya masu shirin karɓar baftisma, amma ban taɓa tsayawa na auna nauyin kalmar da ta fi yawa a bakina ba, wato fansa. Na haddace cewa Almasihu ya zo ne domin ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa, kamar yadda yake a Markus 10:45, ina kuma biya ta kamar karatun allo. Ranar da kalmar ta tsaya mini a maƙogwaro ita ce ranar da wani dattijo, wanda danginsa suka sayar da gona da shanu kafin su karɓo ɗansa daga hannun masu garkuwa da mutane, ya dube ni ya ce: "Malam, idan fansa ce, wa ya karɓi kuɗin?"

Tambayar ta fi ƙarfina a ranar. A Hausa fansa fuska biyu gare ta: akwai kuɗin fansa da ake miƙa wa azzalumi, akwai kuma ɗaukar fansa, wato ramuwar gayya. Wanda ya saurare ni yana iya tashi da tunanin cewa Shaiɗan aka biya, ko kuwa Allah Uba ne ya huce fushinsa a kan Ɗansa, alhali Ikkilisiyar Katolika ba ta koyar da ko ɗaya daga cikin biyun.

Sai da na koma ƙarin karatu na gane cewa dattijon nan ba shi ne farkon mai tambayar ba. Tun a ƙarni na 4 Waliyyi Gregory na Naziyanzus ya yi ta, ya kuma ƙi amsoshin biyu: ɗan fashi bai cancanci lada a kan fashinsa ba, Allahn da ya hana Ibrahim yanka Ishaku kuma ba mai jin daɗin jinin makaɗaicin Ɗansa ba ne. A ƙarshen ƙarni na 11 Anselm na Kantabari ya sake rushe ra'ayin cewa Shaiɗan yana bin ɗan Adam wani haƙƙi. Amma abin da ya warware mini ƙullin shi ne Yohanna 10:18, inda Yesu ya ce ba mai ƙwace masa ransa, shi ne yake bayarwa da yardarsa. Romawa sun gicciye dubban mutane, azabarsu kuwa ba ta ceci kowa ba. Katekizim na 1992, littafin koyarwar Ikkilisiyar Katolika, ya faɗa a sarari cewa ƙaunar Almasihu har matuƙa ita ce ta ba hadayarsa darajar fansa; ashe ba yawan raɗaɗin ba ne.

Daga nan ibadun da na saba da su suka sake ma'ana a idona. Majalisar Trent, babban taron bishop-bishop na Ikkilisiya, ta bayyana a 1562 cewa a Misa ba a sake yanka Almasihu, hadayar Kalfari, wurin da aka gicciye shi, ce guda ɗaya take bayyana a kan bagade, hanyar miƙawar kawai ta bambanta. A Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da mutuwar Yesu, ba a yin Misa. Jama'a suna zuwa ɗaya bayan ɗaya su durƙusa su sumbaci gicciye, al'adar da Egeriya, wata mai ziyarar wurare masu tsarki, ta gani a Urushalima tun wajen shekara ta 380. Maƙwabtanmu sukan tambaya ko itace muke bauta wa, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa cikin ladabi: Majalisar Nikiya ta biyu a 787 ta raba girmamawa da bauta, ta ce girmar da aka ba alama tana komawa ga wanda alamar take nunawa.

Darasin da ya fi yi mini ciwo ya shafi bakina ne. Sau da yawa na ce wa matar da mijinta yake duka, ko lebura da aka hana haƙƙinsa, "Gicciyenki ne, gicciyenka ne, a yi haƙuri." Na ɗauka ta'aziyya nake yi, ashe zalunci nake ɗaure wa gindi da sunan ibada. Gaskiya ne Bulus ya yi maganar haɗa wahalarsa da ta Almasihu a Kolosiyawa 1:24, kuma na ga marasa lafiya da wannan koyarwa ta riƙe su har ƙarshe. Sai dai hadaya abin da mutum ya miƙa ne da zuciyarsa, ba abin da aka ɗora masa da sanda ba. A Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, a 1941, Fada Maximilian Kolbe shi ya fito daga layi da ƙafarsa ya karɓi hukuncin kisa a madadin wani magidanci, kuma wannan bai wanke waɗanda suka kashe shi ba.

Yanzu idan azumi ya zo muna bin Hanyar Gicciye, tashoshi 14 ɗin da Paparoma Clement na XII ya tsayar da adadinsu a 1731, nakan daɗe a ta biyar, inda Saminu Bakurane ya ɗauki itacen. Bayan makonni na je gidan dattijon na gaya masa cewa ba wanda ya karɓi kuɗi, Allah ne ya shiga dajin da kansa ya fito da mu. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce da ma shi ma hakan ya so ya yi wa ɗansa.